Yadda Na Bar Takalmina a Ƙofar Fadar Turawa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina, da wata Laraba da na yi a birnin Firenze na ƙasar Italiya.

Bari in fara daga farko, don ba na son labari a hargitse. Sana'ata tantance fatu. Na haura shekara ashirin ina yi wa maigidana Alhaji aiki a Gumel. Alhamis ina kasuwar Maigatari, sauran ranaku ina bin mahauta a Gagarawa da Sule Tankarkar. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, amma an san ni da tsari, kuma ba a cika wasa da ni ba. Da ciwon ƙafa ya hana Alhaji tafiya, sai ya tura ni in gana da wani dattijon Bature mai majema, wanda ke sayen fatunmu. Ranar da zan tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, mutuncina na ba ka riƙo. Ka dawo mini da shi yadda yake."

An sa ganawar ranar Laraba, ƙarfe huɗu na yamma, a masaukina. Ni kuwa tun Lahadi na sauka. Kwana ukun nan ban taɓa jin kaɗaici irinsu ba. In yi sallama a bakin ƙofa, a dube ni a wuce. A kawo mini taliya a faranti, in waiga in ce bismilla, ba wanda zan ce wa. Ba kiran salla, sai dai waya ta tuna mini. Na ƙirga, a yini guda kalma bakwai na furta, biyar daga ciki da kaina nake. Da na kira maiɗakina ta ce, "Haba Malam, ka fita ka ga gari mana. Ka ƙunshe a ɗaki kamar mai takaba!"

Safiyar Laraba na ɗauki takarda na rubuta tsari. Na ɗaya, tsohuwar gada. Na biyu, dandalin gumaka. Na uku, tsohuwar fadar masu mulkin garin na da. Na huɗu, komawa masauki ƙarfe uku, wanka, sai ganawa. Na sa babbar rigata fara da takalmina na fata (shi kaɗai na zo da shi, don a lissafina mutum ƙafa biyu gare shi). Walat kuwa na kulle ta a ɗaki, saboda an gargaɗe ni da 'yan sane. Takardar shiga fadar kawai na riƙe, wadda mai masauki ya samo mini.

Gadar tana da kyau, shaguna a kanta jere, kogi na wucewa a ƙasa. Kowa da abokin tafiyarsa, ana nuna wa juna abu ana dariya. Na so a ɗauke ni hoto, na rasa bakin roƙo, sai na ɗauki kaina, rabin fuskata ya fito da hula. Dandalin gumaka ban daɗe ba, yawancinsu ba sutura, na kau da kai na wuce na uku.

Na bi layi kusan awa guda kafin na isa ƙofar fadar. To mu a wajenmu ko zauren mai unguwa ba a shiga da takalmi, balle fada. Ban ma yi shawara da zuciyata ba. Na tuɓe, na jera su a gindin bango, hancinsu na kallon waje yadda in na fito zan zura ƙafa kawai. Riga ta rufe ƙafafuna, mai karɓar takarda bai lura ba. Na ga sauran jama'a suna ta shiga ƙwas-ƙwas da takalmansu, na ce a raina, dubi marasa tarbiyya (Allah ya yafe mini, har tsaki na yi).

Ciki kuwa ɗaki cikin ɗaki, rufi duk zane, daɓen dutse mai sanyi kamar randa. A wani ɗaki na ga tsohon littafi cikin gilashi, bangonsa na fata. Ina gani na san fatar akuya ce, jimar hannu, mai kyau ƙwarai. Na juya da murna in gaya wa wani, sai na tuna ba ni da kowa. Na ci gaba da bin igiyar da aka gitta da kibiyoyin da ke nuna hanya, ina yaba tsarinsu, har suka fitar da ni.

Ta wata ƙofa daban. A bayan ginin, kan wani titi da ban sani ba.

Ƙarfe biyu da rabi, rana ta gasa duwatsun titi. Ni da nake taƙama na taso cikin rairayin Gumel, ashe shekarun takalmi sun lalata mini tafin ƙafa. Na tattare riga na zagaya ginin, ina ɗage ƙafa kamar zakara a kan garwashi. Na isa ƙofar farko, gindin bango wayam. Na nuna wa mai gadi ƙafata, na nuna bango, na haɗa duk Turancin da na sani. Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna mini ƙarshen layi. Wasu 'yan yawon buɗe ido suka ɗaga wayoyi suna ɗaukata. Sai wata tsohuwa ta matso, ta dubi ƙafafuna da tausayi, ta danƙa mini burodi a hannu, ta shafa kafaɗata ta tafi. Ni wakilin Alhaji, tsaye tsakiyar dandali da burodin sadaka.

"Kai! Alhaji, lafiya? Ina takalman?"

Kwana uku ina roƙon Allah ya jiyar da ni Hausa, sai a wannan lokaci ya amsa. Wani magidanci ne zaune a inuwa, ya shimfiɗa zane yana sayar da laima da tabarau. Isuhu sunansa, mutumin Damagaram.

"Daga ina?"

"Gumel," na ce a hankali.

"Gumel! Ashe maƙwabci ne. To wa ya tuɓe ka?"

Na gaya masa bi da bi. Ya yi dariya har ya kwanta kan hajarsa.

"Ka tuɓe wa wa, Alhaji? Masu gidan sun mutu tun ba a haifi kakan kakanka ba! Ai na ga mai shara ya wuce da takalman ɗazu, har na ce wane mahaukaci ya yar da takalmi mai kyau haka. Ashe mahaukacin namu ne."

"Malam Isuhu, ƙarfe huɗu ina da baƙo. Ba kuɗi a jikina."

"Randebu gare ka? Ganawa a haka?" Ya share hawaye, ya zare silifas ɗin ƙafarsa ya turo mini. "Sa ka tafi. Ni a zaune nake, gobe ka kawo. Burodin kuma bar shi nan, ban ci abinci ba."

Silifas na roba ne, shuɗi, an ɗaure igiyar ɗaya da waya, dunduniyata rabi a ƙasa. Da shi na isa masauki huɗu saura biyar, ba wanka, gumi har gwiwa. Dattijon da tafintansa suna zaune suna jira. Duk mai harkar fata ƙafar mutum yake fara kallo kafin fuska, ni ma haka nake yi. Ya kalla, ya daɗe yana kallo. Na ga ƙarya ba za ta tsaru ba, sai na gaya wa tafinta gaskiya, daga na ɗaya har na uku. Dattijon ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa na rawa. Can tafinta ya ce, "Ya ce mutum mai ladabi irin wannan, ba sai an duba fatun da ya tantance ba." Duk da haka sai da ya duba samfurin da na kawo ɗaya bayan ɗaya, har da shinshinawa. Ciniki dai bai lalace ba, Alhaji kuma har yau bai ji wannan ɓangaren ba.

Washegari na sayi takalmi, na saka silifas a leda na koma dandalin. Ba Isuhu, ba shimfiɗarsa. Da nuni da hannu wani ya fahimtar da ni 'yan sanda sun kori masu talla da safe. Na tsaya awa guda a inuwar nan, ko zai ɓullo mu ƙara ko da gaisuwa ce. Bai zo ba. Silifas ɗinsa na nan cikin akwatina a Gumel.

Tun daga ranar, kafin in tuɓe takalmi a baƙon wuri sai na tambayi abu biyu. Na ɗaya, ta ƙofar nan ake fita? Na biyu, maigidan yana da rai?