Gajeren Wando a Ƙofar Mai Gari

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadin kaka ba, ranar da na je gaban surukina da gajeren wando, mutum biyu riƙe da hannuwana. Ko yanzu in na tuna sai na ji zufa ta karyo mini.

Ni dai mushe ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, ke nan a bakin mutanen Damagaram, ina zaune a Zango da iyalina. Likita ne ya ja mini. Ya auna ni, ya ce tansiyona ya hau, wato hawan jini ya kama ni, in ban rage teɓa ba to in fara sallama da jama'a. Abokin aikina mai koyar da wasanni ya ji labari, ya yi ta zuga ni har na yarda aka rubuta sunana cikin masu gudun famfalaki a Yamai, kilomita arba'in da biyu cif. (Ni da ko kasuwa ba na zuwa sai a kan kabukabu.)

Gudun bai dame ni ba kamar idon mutane. A garinmu magidanci mai furfura a gemu ba ya gudu sai in wuta ta tashi. Cikin mutanen kuwa, wanda na fi tsoro shi ne mahaifin matata Hadiza, Malam Laminu, manomi a wani ƙauye can gefen Gaffati. Lokacin da na nemi 'yarsa sai da ya ja mini rai, wai 'yan boko ba su da natsuwa. Shekara tara na yi ina wanke kaina a wurinsa. Bai taɓa ganin kaina ba hula ba, bai taɓa ganin na kai loma baki ba, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Da ƙyar na kai matsayin da yake aiko mini a yi shawara. Wannan mutuncin shi ne jarina, kuma shi na ɗauka na fita gudu da shi.

Dabarar da na yi ita ce in an idar da sallar asuba sai in naɗa rawani in rufe fuska, ido kaɗai a waje, in bi hanyoyin gona inda ba mai sanina. Ku dubi wannan shiga don Allah: sama Buzu, ƙasa ɗan ƙwallo. Hadiza ta ce mini, "Mushe, wallahi ko ni na gamu da kai a daji ihu zan yi." Na ce mata ita ba ta san harkar wasanni ba.

Wata uku ina yi lafiya lau. A waccan Lahadin aka ce in yi gudu mafi tsawo kafin tafiya, kilomita talatin. Na bar salula da katin shaida a gida don kada su yi mini nauyi, na ɗauki gorar ruwa kawai. Na yanki hanyar da na tabbata za ta kewaye ƙauyen surukina da nisa. Abin da ban lissafa ba shi ne an yi girbi. Gonakin da na saba gane su da tsayin gero duk an kwantar da su, ko'ina kara ne da rairayi, hanya kuma ta rabu bakwai saboda sawun amalanke. Rana ta ɗaga, ruwana ya ƙare, ina ta bin wata hanya da nake zaton ta gida ce.

Sai na hango wata kuka mai reshe guda a karye, da ɗan masallaci a gindinta. Ashe ƙauyen surukina na shigo. A gindin kukar nan aka ɗaura mini aure.

Ina cikin neman inda zan juya sai wata mata da ke tsince a gona ta ɗago kai ta gan ni. Ta saki ƙwarya ta kurma ihu: "Ga shi nan! Jama'a, ga shi nan!"

Daga baya na ji cewa kwana uku a jere ana kwashe musu dammunan gero a gona, samari sun yi rantsuwa sai sun kama mai yi. A lokacin ban san komai ba. Mai hankali zai tsaya ya kwance rawani ya yi sallama, magana ta ƙare. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne in na tsaya za a gane ni, kafin azahar labari ya isa kunnen Malam Laminu. Sai na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Na waiga. Mutum biyar. Na sake waigawa, sun fi goma, da sanduna da lauje, ɗaya har da gatari. "Ɓarawo! Ku tare gaba!" Wani dutse ya wuce ta gefen kunnena, na ji iskarsa. A nan ne na gane cewa maganar ta wuce ta kunya, ana iya kashe ni a gonar mutane kafin a tambayi sunana. Duk da haka ban tsaya ba. (Agogon hannuna ya nuna ban taɓa gudu mai kyau irin na ranar ba. Abokin aikina har yau yana yabon wannan kilomitar.)

Wani mai moto, wato babur, shi ya sha gabana. Na kauce, ƙafata ta sarƙe da kara, na faɗi rub da ciki cikin ƙarangiya. Kafin in ɗago sun rufe ni. Sanda ɗaya ta sauka a bayana, ta biyu tana sama wani dattijo ya daka tsawa: "Kada wanda ya ƙara taɓa shi! A kai shi wurin mai gari."

Wani ƙato ya kama bakin rawanina zai fizge, na riƙe da hannu biyu da haƙori.

"Don girman Allah ku kai ni jandarma," na ce. "Ku kai ni jandarma, na yarda."

"Kun ji ko?" in ji ƙaton. "Ya saba da su."

Haka aka tasa ni gaba, ƙarangiya tun daga gwiwa har wuya, mata na leƙe ta kan darni. Ina tafe ina addu'a guda: Allah Ya sa Malam Laminu ya tafi cin kasuwa. Muna karya kwana na ga dattawa zaune a kan tabarmi a ƙofar mai gari. Na biyu daga dama, da carbi a hannu, shi ne.

Mai gari ya ce, "Bawan Allah, daga ina?"

Na yi shiru, don muryata kaɗai ta isa ta tona ni.

"Kana da takarda?"

Na girgiza kai.

"To a buɗe fuskar."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙaton ya warware rawanin a hankali, kamar mai jin daɗin aikinsa, har sanƙona ya fito fili. Wasu sun gane ni, na ga suna satar kallon surukina, amma ba mai iya cewa komai kafin shi. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon carbinsa.

"Akwai wanda ya san shi?" in ji mai gari.

Ban san tsawon shirun nan ba, amma na tsufa a cikinsa. In ya yi shiru, na zama ɓarawon gero. In ya yi magana, ya amsa a gaban sa'o'insa cewa wannan abin da ke tsaye da cinyoyi a waje shi ya ba wa 'yarsa. Jikina ya yi abin da ya saba, na tuɓe takalman gudu na durƙusa.

"Baba, ina kwana."

Ya ja carbinsa ya ce, "Lafiya lau." Sannan ya juya wajen mai gari, murya ƙasa-ƙasa. "Na gidana ne."

Aka fara salati. Masu sanduna suka shiga ɓoye su a bayansu. Malam Laminu, har yanzu bai dube ni ba, ya ce, "Wa ya biyo ka tun farko?"

"Ba kowa, Baba."

"To ina za ka?"

"Ba ko'ina, Baba. Shiri nake yi, za ni gudu Yamai."

"Yamai," ya ce. "Da ƙafa?"

Wani tsoho ya fashe da dariya har da tari, sauran suka bi. Na ce a raina, to, an gama, in tashi in san inda dare ya yi mini. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Na yunƙura, ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Jijiyoyin sun ɗaure tamau bayan gudun nan da durƙuso. Na sake yunƙurawa, sai na kife gefe guda ina ihu, "Wayyo ƙafata!" a gaban mutumin da bai taɓa jin ko tarina ba.

Surukina ya miƙe, ya cire mayafin da ke kafaɗarsa, ya yafa mini a cinya ba tare da ya kalle ni ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ƙaton da ya kwance mini rawani shi ya ɗauke ni cak ya ɗora a amalanke, aka kai ni bakin titi.

Kwana biyu ban iya haɗa ido da Hadiza ba, ita kuma in ta shiga ɗaki sai in ji tana dariya cikin matashi. A rana ta uku, bayan labarin likita ya isa kunnen Malam Laminu, saƙonsa ya zo daga ƙauye, ta karanta mini shi da fuskar jaje: "A gaya masa, in likita ne ya ce ya yi gudu, ya yi. Amma ya sa dogon wando, ya bar fuskarsa a buɗe, in ya zo wucewa kuma ya tsaya a gaisa."

Na je Yamai, na gama gudun ana shirin kwashe kujeru. Shawara kuwa har yau Malam Laminu yana aiko mini, sai dai yanzu yakan ƙara da cewa ba ta gaggawa ba ce, in zo a hankali. Abin da na koya shi ne, in za ka yi abin da kake jin kunyarsa, gara ka je da ƙafarka ka faɗa wa surukinka, kana cikin babbar riga. In ka ɓoye, wasu za su kai ka, kuma su ba sa jira ka sauya wando.