Rasuwar Zulfa a Hannun Jikan Mafarauta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya riga haƙuri samun wurin zama a cikinta, Malam Abdurrahim Bappa Misau, ɗalibin shekara ta uku a tsangayar Usuluddini, mazaunin hawa na biyar a unguwar Ainu Shams a nan Alƙahira, yana sanar da 'yan'uwa ɗalibai da abokan fili rasuwar bindigarsa, Zulfa. Ta cika ranar Talata, goma ga Disamba, 2013, tana da shekara ɗaya da wata tara a hannunsa. Ba ta yi doguwar jinya ba, domin kashe ta aka yi rana tsaka, kuma wanda ya kashe ta shi ne Sagiru, abokin ɗakinsa, amininsa na shekara tara tun daga makarantar kwana a Bauchi. Har zuwa rubuta wannan sanarwa Sagiru bai buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba, kuma a kan wannan magana ɗaya amincin nasu yake rataye.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ba ta taɓa zubar da jinin kowa ba. Bindigar wasa ce mai aiki da batir, ta wasan nan da ake kira eyasof, inda manya masu gemu suke rabuwa gida biyu a fili suna harbin juna da ƙwayar roba da ba ta kai wake ba, wanda ta taɓa ya ɗaga hannu ya fita. Mai makoki ya san ba a yi wa roba salla, ya karanta babin kamar yadda kowa ya karanta, don haka ɗaliban Shari'a su bar fatawarsu a aljihu.

Ya haɗu da ita a watan Maris na 2012, a wani shago a Madinatu Nasar, bayan ya shafe watanni yana cin ful, dafaffen waken talakan Masar, safe da yamma saboda ita. Bindiga uku mai shagon ya shimfiɗa masa a kan tebur. Ta farko doguwa ce, ƙarfe zalla, mai kyau a ido, amma duk nauyinta a baki yake. Bai yi minti biyu da ɗaga ta ba hannunsa ya gaji. Ta biyu mai gindin katako ce, ƙirar da kowa ya sani a hoto. Makullin tsaronta yana da tauri, sai ka saki mariƙi kafin ka iya tura shi, gindin kuma ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, alhali Abdurrahim gajere ne, bahago, abin da bai taɓa ɓoye wa kowa ba.

Ta uku ita ce Zulfa. Jikinta roba ce mai ƙwari, ba nauyi, tana da makulli a kowane gefe, gindinta yana zamewa mataki shida. Ya mayar da shi mataki na biyu, ya kafa a kafaɗar hagu, sai kuncinsa ya sauka inda ya kamata, babban yatsansa ya tarar da makulli ba tare da ya laluba ba. Tun yana yaro yake fama da kayan da aka ƙera don na-dama, daga almakashi har kujerar jarrabawa, ranar ce ta farko da wani abu ya zo masa daidai. Mai shagon ya yi ta nanata cewa doguwar ta fi cin nisa. Abdurrahim ya ce ya ji, a naɗe masa wannan.

Marigayiyar ta rayu cikin kamun kai. Ranakun Asabar wani abokin wasa ɗan Masar yakan ɗauke su a mota zuwa wani fili bayan garin Sitta Oktoba, kuma wannan filin ne kaɗai wuri a duk ƙasar nan da ba a fara tambayar Abdurrahim daga ina ya fito kafin a ba shi hannu. Ba ta taɓa kunyata shi a can ba. In ya ce ɗaya-ɗaya, sai ta ce zuit, zuit, a hankali. In abu ya yi zafi ya tura makulli ƙasa, sai ta ce tararrarrat, ta yi shiru, a ga hannaye sun tashi a bayan tayoyi.

Ba ta da yawan buƙata. Ɗigo ɗaya na man silikon a ɗan tsumma ya ishe ta, a zura da sandar roba da ta zo da ita. Ba ta cin ƙwayar da ta taɓa ƙasa, sai sabuwa daga leda. In an dawo gida a cire mata batir. Ba wanda ke taɓa ta sai da tabaran kariya a fuskarsa, ko da babu ƙwaya a cikinta. Bakinta kuma yana da zobe ruwan lemo, wanda shi ne takardar shaidarta, shi ke gaya wa mai kallo daga nesa cewa wannan abin wasa ne. Duk wannan Abdurrahim ya rubuta shi da Hausa da Larabci ya manna a murfin akwatinta, kuma Sagiru ya iya karanta duka biyun.

Ga yadda ajalin ya zo. Kakan Sagiru sarkin baka ne a wani ƙauye bayan Ningi, labarin da babu wanda ya taɓa shan shayi a ɗakin nan bai ji shi sau uku ba. Wai shi Sagirun ya iya ɗura albarushi tun kafin ya iya haɗa baƙi. Ya daɗe yana kallon Zulfa yana girgiza kai, yana cewa Abdurrahim yana horar da ita da ƙishirwa. Da Abdurrahim ya tafi Iskandariyya kwana huɗu duba wani ɗan garinsu da ke kwance, sai jikan mafarauta ya ga lokacin nuna gado ya yi.

Ya sauka wurin mai gyaran tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, na bakin layi, ya karɓo baƙin mai a kofin shayi, ya tsiyaya mata ta baki. Ya warware wayar hangar rataye kaya, ya naɗa mata tsumma, ya riƙa dannawa da ƙarfinsa yadda kakansa ke danna albarushi a harba-ka-ruga. A gindin bututun Zulfa akwai wata 'yar roba mai laushi da ke juya ƙwaya ta tafi miƙe. Man ya kumbura ta, wayar ta yaga ta. Daga nan ya dubi zoben bakinta, ya yanke hukuncin cewa zubar da mutunci ne bindiga ta yi ado irin na 'yar tsana, ya sa filaya ya ɓalle shi, ya shafe wurin da baƙin fenti. Ya ɗauko gwangwanin tsofaffin ƙwayoyi da Abdurrahim ke tarawa don zubarwa, masu tsaguwa da masu ƙasa, ya cika mata ciki.

Bayan azahar ya hau rufin bene da ita, ba tabarau, ba kunya. Malam Lawal na ɗakin gaba yana can yana shanya, shi ne shaidar maganarta ta ƙarshe. Ta ce tat, tat, sai ta shaƙe. Mai hankali a nan zai ɗaga yatsa. Sagiru ya ƙara matse kunama, domin a gidansu ba a san bindiga ta ƙi magana ba. Ta ce gurrrr, haƙoran cikinta suna cin junansu, sannan ta ce ƙyas. Abin da ya biyo baya ƙaurin ƙonanniyar waya ne.

Da a nan abin ya tsaya, da ta tashi. Wani mai gyaran irin waɗannan bindigogi ya tabbatar ta waya cewa roba da haƙora duk ana canza su. Amma kowa ya san yadda gari yake a wannan wata, ga zanga-zanga ga kame-kame, kuma matan da ke baranda a benen da ke fuskantar namu sun ga baƙo a kan rufi riƙe da baƙar bindiga. Ammu Hussain, mai gadin benen, dattijo mai ciwon gwiwa, ya haura hawa shida da gudu, ya sauko ya bi ƙofa-ƙofa yana rantsuwa cewa ya san yaran, abin na roba ne, kada kowa ya buga waya. Ya samu ya toshe bakunan, sannan ya ba da wa'adi: kafin magaribar Juma'a kada ta kwana a benen, kuma kada ta fita ta ƙofarsa a haɗe. In ba haka ba, ya ce khalas, wato shi ke nan, ba shi da sauran abin da zai iya yi wa takardar zaman kowa a gidan. A tashar jirgin ƙasa ana duba jaka, a hanya shingayen bincike sun fi fitilu yawa, abokin wasan nan mai mota kuma ya ce ba zai ɗauki bindigar da ba ta da jan baki ba ko da uwarsa ce ta roƙe shi, kuma ba wanda ya ga laifinsa.

Da Abdurrahim ya dawo ya buɗe akwati, mai yana ɗiga a kan takardar da ya rubuta, Sagiru ya ce masa ma'alish, wato a yi haƙuri a bakin Misirawa. Ya faɗe ta sau uku, kowace da jela. Ma'alish, amma ƙirar ce ba ta da ƙwari, ta kakansa ta sha abin da ya fi haka. Ma'alish, amma shi alheri ya nufa. Ma'alish, amma ai abin wasan yara ne. Daga nan ya tambaya ko akwai sauran sukari. Abdurrahim ne ya tarbe shi a filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan, shi ya yi jinyarsa mako uku lokacin da taifot ta kwantar da shi. Abin da ke cinsa har yanzu shi ne mutumin da ya san komai nasa ya dubi abu ɗaya da ke faranta masa rai a baƙon gari ya kira shi wasan yara, kuma ko a jikinsa.

Marigayiyar ta rasu ta bar batir biyu da cajarsu, gidan ƙwaya huɗu, tabaran kariya, safar hannu wadda ta hagu ta fi cinyewa, da akwatin da ba zai sake rufe kowa ba. Ta kuma bar rabin kwalbar man silikon, wadda ke zaune a aljihun akwatin, kamu ɗaya daga hannun Sagiru, a lokacin da yake tsiyaya man tuk-tuk.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su zo da ladabi. An riga an karɓi tawaga biyu ta dattawan ɗalibai masu wa'azin yafiya, kuma an lura ba wanda ya tsaya a gadon Sagiru ya yi masa wa'azin amana. Ba a buƙatar ta uku. Duk wanda ya zo da niyyar cewa ai abin wasa ne, a matakala za a sallame shi. Sagiru kuma ya daina aiko da shayi ta hannun mutane, ba a sha, ana zubarwa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a, sha uku ga Disamba, bayan la'asar, a kicin, labule a sauke. Abdurrahim da kansa zai goge mata baƙin man nan tas, domin ba zai bar ta ta tafi da shi ba, sannan ya sa zarto ya raba ta huɗu da hannunsa. Za a naɗe kowane yanki a baƙar leda, a kai shi juji dabam. Malam Lawal zai ɗauki bututu zuwa Matariyya. Malam Abakar, abokin ɗakin Lawal, zai ɗauki gindi zuwa Marj. Mai makoki zai ɗauki mariƙi.

Leda ta huɗu, mai ɗauke da cikinta da karyayyun haƙora, an ajiye wa Sagiru. Sharaɗinta ya tsaya a gaban mutanen nan ya ce ya yi kuskure, ya rufe baki a nan, ba tare da amma ba. In ya faɗa, zai ɗauki ledarsa, su sauka matakala tare, maganar ta mutu. Za a jira shi har kiran magariba. In bai faɗa ba, Abdurrahim zai ɗauki leda biyu da jakar kayansa, ya miƙa wa Ammu Hussain mabuɗi, ya wuce unguwar Darrasa inda ya riga ya samu ɗaki, kuma waɗanda suka san adireshin an roƙe su kada su ba jikan mafarauta.