Hoton Ɗan Mama Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da na gwada ilimina a kan hoton ɗan mutane.

A shekarar da mutanen Mubi da Michika suka gudo Yola ne. Na gama difloma a fannin kwamfuta, ina zaune a shagon Bappa Hammadu, ƙanin mahaifina, a Jimeta, muna buga takardu da hotuna. Kaina ya kumbura a lokacin (har gilashi nake sawa, alhali idona garau yake). Na samo wata manhaja a intanet, wadda wasu bayin Allah suka rubuta suka sake ta kyauta. Aikinta matse hoto: ta zubar da ɗan abin da ido ba zai lura ba, sai hoton ya yi sauƙin turawa. Na ɗora ɗan guntun shirina a kanta, na fara jin kamar ni na ƙirƙiro ta.

Ran nan shagon ya cika da masu neman 'yan uwansu, sai ga wata dattijuwa, Mama Rifkatu. Daga wani ƙauye na Michika ta gudo, ta sauka wurin 'yar uwarta a Vinikilang. Ɗanta Bitrus ya ɓace a hanya. Ta kwance bakin zane ta ciro ɗan katin memori na waya.

"Ɗana, hoton yarona yana ciki. Shi ke nan, babu wani. Ka tura wa ƙanina a Jos, ka buga mini in manna a tasha."

Na buɗe na gani. Saurayi ne mai wushirya, sanye da jar riga, yana dariya a ƙofar coci. Na yi ta turawa, hoton ya ƙi tafiya, don layin intanet ya yi rauni. Bappa ya ce, "Ka fara buga mata, turawar ta jira."

Da na ji maganarsa, da yanzu ba ni da labari. Amma akwai 'yan mata biyu a kan benci suna kallo. Na gyara gilashi na ce, "Bappa, wannan ƙaramin abu ne. Matse shi zan yi." Har lacca na yi wa jama'a a kan yadda ake rage wa hoto nauyi. Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce boko ya yi rana.

Manhajar tana neman lamba daga ɗaya zuwa ɗari. Na sa biyar, a tunanina kashi biyar za ta cire. Ashe lambar na nufin abin da za ta bari ne. (An rubuta wannan ƙarara a bayaninta. Ban karanta ba, ai manyan masana ba sa karanta bayani.) Ban kuma kwafi hoton zuwa kwamfuta ba, a kan katin na yi aikin, sabon ya hau kan tsohon. Nan take ya tafi Jos. Aka yi mini tafi, wallahi har tafi aka yi. Ko dubawa ban yi ba na danna bugawa, na zaro takardar na ɗaga ta sama don kowa ya gani.



Babu ido, babu hanci, babu wushirya. Wasu murabba'ai ne masu ruwan ƙasa jere kamar bulo, a ƙasansu jan dabbare. Mama Rifkatu ta karɓa, ta matso da ita kusa da fuska, ta nisanta ta.

"Wannan wane ne?"

Na ce injin bugawa ne. Na buɗe hoton a kwamfuta, shi ma haka. Na cire katin na hura masa iska na mayar, haka dai.  Sai wayarta ta yi ƙara, ƙaninta ne, kowa yana jin muryarsa: "Yaya, me kuka turo mini? Ban ga mutum ba."

Bappa ya matso ya yi ƙasa da murya. "Ina na asalin?"

"Babu, Bappa."

"Mayar da shi yadda yake."

"Ba ya komawa."

Na so ta zage ni. Na so ta shaƙe ni a kai ni ofishin 'yan sanda. Sai kawai ta shafa jan wurin da yatsa ta ce, "Rigarsa ce. Ni na saya masa a Kirsimeti. Buga mini haka, wata ƙila wani zai gane rigar."

Na buga. Ta manna takardun a tashoshin Jimeta, na daɗe ina sauya hanya don kada in gan su. Na kai katin wurin duk wanda aka ce ya iya dawo da abin da ya goge, ba a dace ba. Bitrus kuwa har yau babu labarinsa.

Yanzu ina aikin kwamfuta a wani ofishi, ba na taɓa hoton kowa sai na ajiye kwafi uku, abokan aiki suna ta yi mini dariya. Mama Rifkatu tana sayar da kayan miya a babbar kasuwa. Duk yadda na laɓe a bayan keke sai ta hango ni, ta kira ni, ta ce wa maƙwabtanta, "Ga yaron da ya taimake ni lokacin gudu." Ni kuwa in tsaya ina murmushi kamar wawa.

Abin da na koya ɗan kaɗan ne, ya kuma zo a makare: manhajar kyauta ce, hankalin amfani da ita ne ba a haɗo mini da shi ba. In ka ji ana yi maka tafi, ɗan'uwa, duba takardar kafin ka ɗaga ta.