Ranar da Aka Gasa Faifan Babana

Ranar Asabar da yamma na dawo Unguwar Rogo a keke napep, rungume da wani baƙin abu a cinyata, mai keken yana ta leƙena ta madubi. Da muka maƙale a bayan layin mai, wanda ya cinye rabin titi kamar yadda ya saba, sai haƙurinsa ya ƙare.

"Hajiya, don Allah wanga kasko na tuyar mi na?"

Na ce masa ba kasko ba ne, faifan garmaho ne. Ya ce shi a hoto kawai ya taɓa ganin irinsa, kuma na hoton a shimfiɗe yake. Na ce nawa ma da safe a shimfiɗe yake, manya ne suka karrama shi.

Bari in koma baya, don ku san abin da aka gasa.

Mahaifina Maigandi, Allah ya jiƙansa, mahauci ne. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, bai bar rubutu ba, wuƙaƙensa kuma 'yan'uwana maza sun rabe su tun ranar sadakar bakwai. Abin da ya rage mini shi ne faifai guda. Lokacin ina makarantar horon malamai, aka kai wani makaɗin mahauta, Siddiƙu Mai Jan Kalangu, can Kudu aka ɗauki muryarsa. Da yake babana ya taɓa ba shi rago sukutum, da sunansa ya buɗe waƙar. Allura na sauka, kalangu ya yi gyaran murya, sai ka ji: "Gaishe ka Maigandi na bakin kasuwa!" Duk duniya nan ne kawai ake kiran sunan babana da ƙarfi. Shi ya sa faifan yake zaune a tsaye, naɗe cikin tsohon zane, a gefen randa inda ƙasa ke da sanyi. Wanda ya san bazarar Sakkwato ba zai tambaye ni dalili ba.

To, sai ga Maccido ya yi sallama. Maccido ɗalibina ne a da. Ni na koya masa cewa zafi yana narkar da abu, shi kuma ya faɗi jarrabawar, kuma kamar yadda za ku gani, bai sake zama ya rubuta ta ba. Yanzu ƙwararre ne mai ba da shawara a wani abu da ake kira Kwamitin Ceto Muryoyin Kakanni. Ya zo da hula mai tsini da turare mai sa atishawa, ya durƙusa rabi.

"Malama, duniya ta dawo ga faifai. Turawa sun gano sautin waya sanyi garai, ba rai cikinai. Shi ko faifai, sautinai ɗumi garai."

Na ce, "Maccido, a garin nan wa ka taɓa ji yana neman ƙarin ɗumi?"

Ya yi dariyar da ake yi wa tsofaffi. Ya ce za a yi gagarumin taro, Mai Girma Uban Taro da kansa zai zo, a sa faifan a gabansa, sannan a kwafe shi da wata na'ura da aka yo oda daga ƙasar waje, ya zama dijital, jikokin jikokina su ji shi har abada. Wato faifai ya fi waya daɗi, don haka za a mayar da shi waya. Na juya maganar nan a kaina ta kowace fuska ban ga ƙofarta ba, sai na gane lallai maganar kwamiti ce.

Tunda an zo nan, bari in faɗi gaskiyar da masu yayin faifai ba sa so. Na shekara hamsin ina jin faifai, kuma na koyar da kimiyya har na yi ritaya. Faifai bai fi waya fitar da sauti ba. Yana shuuu kamar ana tuyar ƙosai a maƙwabta, yana ƙas-ƙas kamar ɓera a buhun gero. Wayar jikata tana fitar da kiɗa tas, har numfashin mawaƙi kana ji. Wannan ɗumin da ake ta yabo, rabinsa ƙura ce, rabinsa kuma kewar ƙuruciya ce, ita kuwa ba a cikin roba take ba, a ƙirjin mai saurare take.

Abin da faifai ya fi waya da shi daban ne: faifai yana da mutunci. Sai ka wanke hannu kafin ka taɓa shi. Sai ka zauna. Ba a gudu a tsakar gida in yana juyawa, ko akuya sai an ɗaure ta. Ba ka iya tsallake waƙa da ɗan yatsa don ka ƙosa. Babana in an sa shi, miƙewa yake ya gyara hula tun kafin a kira shi, kamar Siddiƙun yana ganinsa. Sannan, abin da ya fi komai, faifai yana ƙarewa. Ya faɗi abin da ya zo faɗa, ya yi shiru. Waya kuwa halin manyanmu gare ta, in ta karɓi lasifika sai dai caji ya raba ku.

Maƙwabciyata Zinariya, mai sai da masa, ta ji duk abin da aka yi ta kan katanga, don kunnenta ya fi kowace na'urar oda. Maccido na fita ta shigo.

"Malama, kak ki ba su. Waɗanga mutane sun ceto rijiyar unguwarmu bara, har yau da jarka muka sayen ruwa."

Na ce ba zan ba su ba, da kaina zan kai shi, in tsaya a kansa, in dawo da abina. Ban ɓoye muku ba, zuciyata ta so a kira sunan Maigandi mahauci a lasifika, a gaban masu manyan riguna, su ji shi ko ba su so. Zinariya ta ce to Allah shi kiyaye, ta tafi tana girgiza kai. Na ɗauki faifan, na haɗa da tsohon garmahona mai batir, saboda na san mutanena.

An ce taro da hantsi. Fili ne fetal, an kafa rumfuna masu labule da fankoki, an jera kujeru masu laushi, ko'ina an rubuta na manyan baƙi ne. Ina isa wasu 'yan mata masu anko suka karɓe faifan da hannu bibbiyu, abin har ya burge ni. Sai na ga inda suka nufa da shi. A tsakiyar fili, inda babu inuwar ko tsinke, an ajiye wani akwatin gilashi a kan tebur mai jan ƙyalle. Suka kwantar da shi a ciki, suka rufe, aka kewaye da igiya.

Jama'a, akwatin gilashi. A rana. A Sakkwato. A watan Afrilu. Da irin wannan akwatin nake nuna wa 'yan aji biyu yadda ake dafa ƙwai ba wuta.

Na tashi da sandata na nufi wurin. Wani ƙato mai baƙin tabarau ya tare ni.

"Hajiya, ba a wuce igiya."

"Ɗana, abin da ke ciki nawa na. Narkewa za shi yi."

"Kayan tarihi na, Hajiya. Sai Mai Girma ya buɗe da hannunai."

Na nemo Maccido, na same shi yana rabon ruwan roba ga kujerun da ba kowa a kansu. Na ce ya tuna darasin zafi. Ya ce, "Malama, kwantar da hankalinki, gilashin na waje na, ba irin namu na ba." Na tambaye shi ko ranar ma ta waje ce. Ya ce ana kiransa a waya.

Mai Girma Uban Taro, Allah ya ƙara masa lafiya da faɗin mota, bai iso da hantsi ba. Aka yi azahar bai iso ba. Aka ce yana can yana buɗe wata gada da aka buɗe bara, tunda ba a gama ta ba ai ba laifi a riƙa buɗe ta lokaci-lokaci kada ta ji an manta da ita. Ni kuwa ina zaune a bayan igiya ina kallon faifan babana yana motsi. Da farko gefe ɗaya ya ɗaga kamar mai son yin tambaya a aji. Can ɗaya gefen ya bi. Kafin la'asar ya zama abin da mai keke ya gani.

Sai jiniya. Aka yi ta gudu ana gyara hula. Mai Girma ya sauko, ya yanke igiya da almakashi mai ado, ya buɗe akwatin, ya kai hannu, ya janye da sauri yana yarfewa. Maccido ya matso da lasifika ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗumin da muka faɗi ke nan." Aka tafa.

Aka kawo sabon garmahon kwamiti, fari sol, ana ta ɗaukarsa hoto. Aka duba, babu allura. An ce allurar tana cikin kashi na biyu na aikin. Sai ga Maccido a gabana, wannan karon ya durƙusa duka. Na miƙa masa tsohon nawa. Na tambaye shi ina na'urar kwafewar da aka yo oda. Ya ce tana tashar jirgin ruwa, amma an yi tanadi. Tanadin shi ne wayarsa, wadda ya riƙe a bakin garmahon, ga janareto yana ruri a bayansa.

Aka saukar da allura. Ku da ba ku san faifai ba, daga baki yake farawa ya shiga ciki, kuma bakin ne ya fi lanƙwashewa. Kalangu ya taso yana hawa yana sauka kamar jaki a kan kunya. Muryar Siddiƙu ta fito tana rawa: "Gaishe ka…" sai allura ta hau tudu, ta yi tsalle, ta dira a "…na bakin kasuwa!"

Sunan ya tafi. Aka sake, ta sake tsallakewa. Na dafe sandata da hannu biyu.

Amma kun san ba a barin rami a gaban manya. Akwai sanƙira a wurin, irin masu ƙara wa kirari gishiri a lasifika. A sawa ta uku, allura na tashi sama, sai ya cike gurbin da sunan Mai Girma, da dukkan ƙarfin da Allah ya ba shi. Sunan ba zan rubuta shi ba, ina son fanshona. Fili ya ɗauki guɗa. Mai Girma ya miƙe ya dunƙule hannu yana jinjina, faifai kuwa ya ci gaba da abin da aka ɗauka tun Mai Girman yana tatata:

"Mai wuƙar da ba ta kwana da yunwa,
Kai ka kayar, kai ka yanka, kai ka feɗe,
Fata ka sai da, ƙaho ka sai da,
Angulu ta zo ta koma gida da azumi!"

Mai Girma ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi. A jawabinsa ya ce wannan ya nuna magabata suna da hangen nesa. Ban taɓa yarda da jawabin wani babba ɗari bisa ɗari ba sai ranar.

Jiya da safe Zinariya ta faɗo gidana ko mayafi babu, waya a hannu.

"Malama, kin ji waƙar da ta fito? Duk garin ita aka ji! Mai nama na saka ta, masu layin mai na saka ta, har an yi mata rawa!"

Ta kunna. Ga janareto, ga sanƙira, ga angulu mai azumi, komai tas. Dole in sake yaba wa dijital: ba ya ƙara ɗumi, ba ya rage komai, abin da ya ji shi yake faɗa. Jikokin jikokin Mai Girma za su ji shi har abada, kamar yadda aka yi alkawari. Wannan ne alkawarin farko da na ga an cika a kan lokaci.

Faifan kuwa mun yi iya yinmu. Na sa shi tsakanin tayil biyu, irin na daɓen ɗaki, na ɗora dutsen niƙa. Zinariya ta ce ba a haka, ta kawo matashi ta zauna a kai da kanta har ta gama tsince shinkafarta, kuma duk wanda ya san Zinariya ya san an yi wa faifan adalci. Ya ɗan kwanta. Na wanke hannu, na sa batir, matan gidan suka taru, aka ɗaure akuya. Kalangu ya yi gyaran murya. "Gaishe ka…" Allura ta yi tsallenta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Maigandi!" Muryata ta fito da ƙarfin da rabona da shi tun ina tsawata wa 'yan aji. Zinariya ta ce a sake. Aka sake, wannan karon duk gidan suka faɗa tare da ni, har mai wankin hula da ke zaure, wanda bai san ko wane ne ba. Siddiƙu ya karɓa daga bakinmu: "…na bakin kasuwa!" Mun gano ashe in ana bukatar cike rami, ba sai an jira sanƙira ba. Na naɗe shi a zanensa, na mayar da shi gefen randa.

Ɗazu Maccido ya bugo waya. Wai kwamiti ya ji daɗin haɗin kaina ƙwarai, har an yanke shawarar karrama ni ni kaina a wata mai zuwa, a matsayin kayan tarihi mai rai, a wannan filin dai, da hantsi. Na ce masa na gode, Allah ya yi albarka, amma ya gaya musu ni ma a gefen randa ake ajiye ni.