Rasuwar Tabaraun Malam Maitama a Hanyar Ntoum

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Malam Maitama na unguwar Lalala yana sanar da 'yan'uwa mazauna Libreville, na Najeriya da na Nijar, rasuwar abokin zamansa kuma jagoransa, wato tabaraunsa na ƙara gani. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi a kan hanyar Ntoum, bayan doguwar jinya.

An haifi marigayin a wani asibitin ido a Kano, tun Malam yana saurayi. Baƙi ne kakkaura, gilasansa kamar gindin kwalbar lemo, hannayensa biyu masu lanƙwasa suna zagaye kunne su riƙe gam kamar ƙugiya. Ba kyakkyawa ba ne. A yi haƙuri da wannan magana, amma ko a sanarwar mutuwa ba a so a yi ƙarya. Sai dai ranar da aka ɗora shi a hancin Malam, ranar ya san cewa bishiya ganye ɗai-ɗai gare ta, ba dunƙulen kore ba ce. Tare suka ratso Kamaru a bayan motar kaya, tare suka iso garin nan a lokacin da arzikin man fetur ya ɓalle, ana rushe gidajen katako ana kafa benaye, har ƙwai da latas a jirgin sama ake kawo su daga Faransa.

Duk wanda ya san Malam ya san marigayi ne ke ci da gidan. Malam masinja ne a wani kamfani da ke unguwar Plaine Orety mai kai wa masu haƙar mai kayan gyara, kuma kamfanin ya ba shi babur. Babur ɗin ba nasa ba ne, amma a ƙofarsa yake kwana, kuma albarkacinsa ake matsa masa wuri a sahun gaba a masallaci. In ba tabarau, Malam ba ya bambance akuya da jandarma a tsallaken titi. Ke nan ranar da marigayi ya tafi, babur ya tafi, aiki ya bi bayansa. Malam ya san haka. Souleymane ma, ɗan Maraɗi mai ɗaukar kaya a siton kamfanin, wanda ya tara gashi tuli a kai irin na samarin yanzu, ya san haka, kuma kullum da safe yakan tsaya ya shafa sirdin babur ɗin ya tambayi Malam lafiyar ido.

Marigayin ma'aikaci ne da bai taɓa neman hutu ba. Daga bakin ƙofa yake hango tsakuwa a shinkafar Ƙulu, matar gidan. Ya hango ƙura a kan rediyo, ya hango ɗankwalin da ya zame, ya hango littafin labari a ɓoye ƙarƙashin littafin lissafin yara, kuma bai taɓa rufa wa kowa asiri ba. Ba shi da yawan magana. Abin da za a riƙa tunawa na muryarsa shi ne "tsik, tsik" in Malam ya hura masa iska yana murza shi da tsumma, alamar za a duba wani abu, kowa ya nemi wurin shiga. Sai kuma "ƙyas" in an ninke shi bayan sallar isha'i, wanda shi ne lokacin da gidan ke sakin numfashi.

Ciwon ajali ya fara ne da shigowar damina, da Mushe, Baturen ofis, ya ce duk mai hawa babur ɗin kamfani sai da kaske, abin da mutanen Kano ke kira hular kwano. Malam ya tafi kantin wani ɗan Labanan a cikin gari. Mai kantin ya dubi marigayi a hancinsa, ya ɗauko wani farin kaske buɗaɗɗe, marar haɓa, ya nuna masa yadda aka rage soso ta gefen kunne don hannun tabarau ya wuce. Malam ya ce wannan ai ɓarin ƙwarya ne, ba zai ratsa Lalala da shi ba. Shi idonsa yana kan wani ja, rufaffe har haɓa, mai murfin gilashi a gaba, irin na Turawa masu tsere.

Mai kantin ya ce to, Malam ya cire hula a gwada. Nan fa aka tsaya. Hular Malam zanna ce doguwa, ta sha sitati, kuma tun da gashi ya fara gudu daga tsakiyar kansa ba wanda ya ga kan a fili, Ƙulu ma sai in fitila ta mutu. Ban da wannan, ya ce, dattijo ba ya tsayawa gaban jama'a kai a buɗe kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. In ya isa ofishin mutane ya cire kaske, me za su gani? Dole hula ta zauna a ciki. Ya sa aka kawo masa mafi girma a kantin, wanda zai haɗiye hula da kai gaba ɗaya. Da ya zo zurawa marigayi ya tokare, sai ya cire shi ya jefa a aljihu, ya zura kai, ya juya ga madubi. Abin da ya gani wani ja ne dishi-dishi kamar rana za ta faɗi. Ya ce ya yi kyau. Mai kantin ya roƙe shi ya mayar da tabarau ya girgiza kai a gani.

"Ni zan sa ko kai?" in ji Malam.

Marigayi yana cikin aljihu aka yanke masa hukunci, ba a nemi ra'ayinsa ba.

Tun daga ranar bai sake ganin lafiya ba. Kullum da safe sai Malam ya sa hula, ya kifa kaske, ya ɗaga murfi, sannan ya cusa marigayi ta tagar gaba, yana tura ƙugiyoyin tsakanin soso da bakin hula har kunnensa ya yi jini. Hannun hagu ne ya fara karkacewa, Malam ya riƙa ganin Libreville a jirkice, teku ta ɗan hau sama ta gefe guda. Sai ciwon hazo ya biyo baya. Garin nan ko ba ka yi komai ba gumi kake yi, balle ka rufe kanka a tukunya kana numfashi. Murfi ya yi hazo, marigayi ya yi nasa a bayansa, Malam yana tafe a kan titi cikin gajimare biyu. An yi magani iya yi. An shafa sabulu, an shafa yankan dankali, Ƙulu ta ɗaure hannun hagun da zaren kitso. Ran nan Malam ya shiga ƙofar ofis da ƙarfi alhali tana rufe. Mushe ya fito ya dubi ƙofar, ya dubi Malam, ya ce in aka sake ya ajiye makullin babur.

Gaskiya a makon Malam ya kusa sallamawa. Ya tsaya a ɗaki shi kaɗai ya gwada kasken ba hula, ya ji marigayi ya ɗan sami wurin miƙe hannu, har ya fara tunanin zai ninke hular a jaka ya riƙa sauyawa a bayan gini. Da la'asar ya fita teburin mai shayi, inda dattawan unguwa ke zama. Souleymane yana can. Ya jira har wurin ya cika, ya miƙa wa Malam kofi da hannu biyu, ya ce da murya mai ladabi wadda kowa ya ji:

"Baba Malam, a cire hular nan mana. Ai kaske ba ya tona asiri, abin da ya gani a ciki ba zai faɗa ba."

Mai shayi ya sunkuyar da kai yana ta juya cokali a kofin da ba sukari. Wani tsoho ya ƙware. Malam ya ce shi hularsa ba ta tsare wa kowa komai ba, kuma da ita za a binne shi. Bayan wannan magana a gaban mutane ba sauran hanyar cirewa, Souleymane kuwa ya shanye shayinsa a natse.

Ranar Laraba aka aiki Malam Ntoum da wani ƙarfen inji. Ruwa ya dake shi a hanya, ya bi ta wuya ya jiƙa hular, sitati ya saki, ta kwanta kamar tsumma. Kasken da aka saya don hula tsayayya sai ya koma yana rawa a kai. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito, kwalta ta hau tururi. Wata babbar motar katako ta taho daga daji da gungume a bayanta, iskarta ta mari Malam, kasken ya juya gefe, tagarsa ta koma saitin kunne. Malam ya ga soso. Allah ya taimake shi ya taka burki ya faɗa ciyawa, ba abin da ya same shi sai ƙujewar gwiwa. Da ya tsaya a nan da shi ke nan. Amma ya ji dariyar matan da ke sayar da ayaba a bakin hanya, zuciya ta ɗebe shi, ya kama kasken da hannu biyu ya fizge ba tare da ya fara zare marigayi ba. Zaren kitso ya tsinke. Marigayi ya yi tsalle ya faɗi tsakiyar kwalta. Motocin katako kuwa ba sa tafiya ɗai-ɗai.

Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙaras". Malam ya ji ta, bai gani ba.

Ya daɗe yana rarrafe yana lalube a kan kwalta, hula a hannu ɗaya, kai a buɗe gaban matan ƙauye da duk motar da ta wuce. Wata daga cikinsu ta tattara masa abin da ya rage a ganyen ayaba, tana dariya tana ba shi haƙuri. A bayan wata motar gawayi aka dawo da shi da babur ɗin.

Mai shagon tabarau na cikin gari ya duba gawar ya ce gilashi mai kaurin nan ba a yanka shi a nan, sai an aika Faransa, wataƙila ya iso bayan damina. Washegari Malam ya tafi ofis a ƙafa, ya sa sabuwar hula, ya buɗe ido sosai, ya ce wa Mushe ai dama ado ne, yana gani sarai. Mushe bai yi musu ba. Ya karɓi makullin babur ya ajiye a kan tebur tare da tarkacen aljihunsa, ya ce Malam ya ɗauki makullin. Malam ya duba, ya miƙa hannu da ƙarfin zuciya, ya ɗauko mabuɗin kwalba. Souleymane, da ke tsaye a bayansa, ya ce a bari ya taya Baba, ya ɗauki makullin.

Marigayi ya rasu ya bar gidansa na fata, wanda yanzu Ƙulu ke ajiye allura a ciki. Ya bar tsumman gogewa, ya bar ramuka biyu a karan hancin Malam waɗanda har yau yake kai yatsa yana tura abin da babu. Ya bar hula zanna, an wanke ta an sake mata sitati, tana nan lafiya. Ya bar jan kaske, ko ƙwarzane bai yi ba. Souleymane ya zo gaisuwa ya ce tunda yana ajiye ba amfani, a ba shi aro. Kasken ya zauna daram a kan tulin gashinsa kamar don shi aka ƙera. Ƙulu ta ce ita dai ta yafe wa marigayi, shekara da shekaru yana kallon fuskarta bai taɓa kai rahoton alheri ba. Jiya Malam ya ci shinkafa da tsakuwa ya ce ta yi daɗi.

Za a binne marigayin ranar Juma'a bayan la'asar, a cikin ganyen ayabarsa, gindin mangwaron bayan gida a Lalala. Ba za a yi salla ba, liman ya ce kada ma a soma. Malam zai zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, a daidai inda babur ke tsayawa da, tunda wurin ya samu fili. Masu zuwa su faɗi sunansu kafin su miƙa hannu, kuma kada a ce masa sai mun sake ganin juna. Souleymane ya yi alkawarin zai leƙo in ya tashi daga aiki. Ana roƙonsa don Allah ya kashe injin tun daga bakin kwana ya ƙaraso da turi, domin kunnen Malam lafiyarsa lau, kuma duk lokacin da ya ji ƙarar sai ya miƙe yana laluben aljihu.