Gaisuwar Gwiwar Hannu

Lokacin korona ni na naɗa kaina likitar unguwarmu a Kabo. Ban daɗe da gama makarantar manya ba, kuma rediyo ba ya barin kunnena. A nan na ji an kulle Italiya, a Ingila kuma an daina musabaha, sai dai a haɗa gwiwar hannu.

Ranar da aka zo daga Getso neman auren 'yata, baffan yaron, dattijo mai furfura, ya shigo gaishe ni. Maimakon in durƙusa daga nesa, sai na gyara takunkumin fuskata, na taka har gabansa, na miƙa masa gwiwar hannu.

Ya ja da baya har hularsa ta faɗi. "Hajiya, in ba za a ba mu yarinyar ba, ai sai a faɗa da baki."

Mijina ya dube ni. "Ke da can wane namiji kike ba hannu?"

Wallahi wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. Sai da aka bi su Getso da ban haƙuri kafin aka sa rana.

Yanzu jikata har tana gudu, amma in na shiga gidan surukan, matan sai su miƙe, kowacce gwiwar hannu a sama.