Ƙuduji a Gonar Surukina

Zamanin da Sarkin Musulmi ke zaune Wurno, surukina ya kwanta ciwo a Magarya. Ni maɗinki, da ban taɓa riƙe hauya ba, na karɓi gonar dawarsa. Na ga wani haki mai jan fure, na rantse yoɗon miya ne.

Tsohon da ke mana noma ya ce, "Malam, wanga ƙuduji na, shi ka kashe dawa."

Na ce, "Baba, dubi furen! Kada wanda ya taɓa."

Dawa ta bushe tsaye. Mutanen gidan suka ci ganyen tafasa har wata kaka, suruki ya daina duban fuskata. Gonar ba ta sake farfaɗowa ba. Yau furfura ta cika mini kai, amma duk inda ƙuduji ya fito sai an aiko: "Malam, zo ka tsinki miyarka."